Ba Wanda Ya Ce In Juye Jakata

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Mai girma shugaban taro, shugaban wannan asibiti da mataimakansa, likitoci manya da ƙanana, nas-nas da ungozomomi, ma'aikatan ɗakin gwaji, masu shara da masu gadi da masu tura keken marasa lafiya, 'ya'yana na ɗakin magani, surukaina da 'yan uwana da suka rako ni, maƙwabta, da duk wanda ya ajiye abin da yake yi ya zo ya zauna a zauren nan, assalamu alaikum.

Na gode da wannan taro da kuka shirya don tunawa da maigidana, wanda ya shugabanci ɗakin maganin asibitin nan tun gashin kansa yana baƙi har ya yi fari fat. Na gode wa waɗanda suka yi jinyarsa, na gode wa waɗanda suka raka shi makwancinsa, na gode wa waɗanda suka yi ta zarya gidanmu har takalma suka toshe ƙofa. Wannan ce fitata ta farko cikin jama'a tun da ya rasu. Idan muryata ta yanke, ku yi haƙuri ku jira ni, za ta dawo.

Karatuna bai yi nisa ba, ban kuma saba tsayawa gaban manya ba, saboda haka bari in faɗi abin da ya kawo ni tun yanzu, kada in ɓata a hanya. Can baya, kusa da ƙofa, akwai wata mace zaune, babu farar riga a jikinta. Kun san ta. Mataimakiyar maigidana ce, wadda kuke kira 'Yar Baba. Ta gaya wa shugaban asibiti cewa ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, ba za ta ƙara taɓa ƙwayar magani ba har ta mutu, domin a ganinta da hannunta ta kashe mutumin da ta ɗauka uba. Ni kuwa na zo ne in roƙa a gaban kowa kada ta tafi, in kuma roƙa a ba ta kujerarsa. Na san akwai surukaina da yanzu suke jin wannan, na ga yadda fuskokinsu suka canza. Ku saurare ni tukuna.

Abu na farko, bari in tuna muku mutumin da muka taru dominsa. Ku ne kuka raɗa masa Baba Tsaya, ba ni ba. Mutum zai miƙo takardarsa ta taga, yana sauri, mai mota na jiransa a waje, sai ya ji murya daga ciki: “Tsaya tukuna.” Akwai wani tiren ƙarfe da ya ajiye a bakin tagar, gefensa ɗaya a lotse. Dokarsa ita ce ba a miƙa wa kowa magani sai ya juye abin da ke jakarsa ko aljihunsa a kan tiren nan: ƙwayar da ya saya a kanti, ragowar maganin matarsa, garin da kakarsa ta ƙulla masa a leda, komai da komai. Ya taɓa ba ni labarin wani babban mutum da ya ƙi juyewa, ya buga taga ya ce, “Ka san ko ni wane ne?” Malam ya ce masa, “Ni na sani, ranka ya daɗe. Hantarka ce ba ta sani ba. Juye.” Mutumin ya juye, aka kuwa sami abin da ake tsoro a ciki.

Yakan ce mini miƙa kwali ba aiki ba ne, kowa zai iya. Aikinsa shi ne ya hana magunguna biyu da ba sa shiri su haɗu a cikin mutum ɗaya. Ya kafa doka cewa duk maganin da zai fita sai ido biyu sun gani, na mai haɗawa da na mai dubawa. Ya kafa doka cewa wanda ya yi kuskure ya zo ya faɗa da bakinsa. Ba zagi, ba tsawa, shi da kansa zai haɗa masa shayi su zauna su duba inda aka kauce. Wanda ya ɓoye, da shi ake rigima. Kada ku ɗauka a nan kaɗai yake wannan hali. A gida ma ba mu huta ba. Duk kwalbar da ya gani babu suna a jikinta, sai shara. Mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, da ta ji sallamarsa sai ta tura magungunanta ƙarƙashin matashi ta zauna a kai, tana cewa, “Ga ɗan sandan naki nan ya shigo.”

Wannan shi ne mutumin. Ku riƙe shi a ranku, domin abin da zan faɗa na biyu ba zai yi muku daɗi ba, ni ma bai yi mini ba.

Shekarun baya, wani abokinsa likita, wanda tuni ya bar asibitin nan, ya saurari ƙirjinsa ya ce zuciyarsa ba ta bugawa daidai. A tsaye suka yi maganar, a baranda, tsakanin aiki da aiki. Ba a buɗe kati ba, ba a rubuta komai ba. Ya ɗora shi a kan wata 'yar ƙwaya, guda ɗaya kowace yamma. Malam bai so yaransa na wurin aiki su sani ba. Ya ce mini, “Da sun ji, shi ke nan, za su fara karɓe mini kwali daga hannu suna cewa Baba zauna. Ba na son kallon tausayi.” Sai ya riƙa sayo ta a waje, yana ɓarewa daga kwalinta yana zubawa a wata ƙaramar kwalba fara, babu suna, babu komai a jiki. Ranar da na fara ganin haka na ce, “Malam, kai ma?” Ya yi dariya ya ce, “Wannan daban ce, ni na san abin da ke ciki.” Sannan ya damƙa mini amana. Ya ce, “Ko me ya faru, ko ina muke, kada ki bari in tsallake ta.” Ni abin da na sani ke nan: maganin zuciya ne, kuma ba a tsallake shi. Ban san tana tsinka jini ba. Ban san akwai abin da ba ta shiri da shi ba.

Sai zazzaɓi ya kama shi, da tari, da ciwon ƙirji mai hana numfashi. Da safe muka kawo shi. Jama'a, ban taɓa ganin ƙauna irin ta ranar nan ba. Tun daga bakin ƙofa mai gadi ya bar ƙofarsa ya riƙo shi. Ba mu bi layi ba, ba mu je taga ba, ba wanda ya tambaye mu kati. Aka buɗe masa ɗaki na musamman, aka canza labule, likitoci suka cika ɗakin har ba wurin tsayawa. Aka rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta da wani mai ƙarfi na rage ciwo. 'Yar Baba ba ta aiki kowa ba, ita da kanta ta haɗa, ita da kanta ta ɗauko ta kawo. Ta tsaya a gefen gadonsa, ina kallonta, ta sunkuya, ta buɗe baki ta ce, “Baba, ko akwai wani abin da kake…”

Ba ta ƙarasa ba. Wani matashin likita ya ce, “Yau ga ikon Allah! Ɗaliba za ta yi wa malaminta jarrabawa!” Wata nas ta ce, “Ki koma ki ɗauko tiren mana, a yi ta gaba ɗaya!” Ɗaki ya ɗauki dariya. Dariyar ƙauna ce, dariyar mutanen da suka tsorata suna neman abin da zai sassauta musu. Ita ma ta yi dariya, kunya ta rufe ta, ta sunkuyar da kai. Malam yana kwance, zazzaɓi ya ci ƙarfinsa, idonsa a lumshe, sai ya ɗaga hannu kaɗan daga kan zanin gado ya mayar. Kowa ya ce, “Kun gani, ya ce ba komai.”

Har yau ban san abin da hannun nan yake nufi ba. Wataƙila cewa yake ba komai. Wataƙila cewa yake tsaya.

Ni kuwa ina zaune a kujerar gefen gado, jakata tana kan cinyata, farar kwalbar tana ciki. A wannan asibitin da ake juye jakar mai sayar da itace, ake juye jakar alƙali, ba wanda ya ce in juye tawa. Kuma ba a ɓoye nake ba shi ƙwayar ba. Kowace yamma, bayan ya ɗan taɓa abinci, sai in buɗe jaka in ba shi da ruwa, a gaban duk wanda yake ɗakin. Wata rana ma wata nas tana gyara masa ƙarin ruwa ta ce, “Mama, ashe ke ma kin zama 'yar ɗakin magani!” Muka yi murmushi. Ba ta tambayi mene ne ba. Don me za ta tambaya? Maganin Baba ne. Wa ya fi Baba sanin magani?

Zazzaɓin ya sauka. Ya fara zama, ya fara ci, har ya fara gyara wa mutane aiki daga kan gado, muka ce to, mai gidan ya dawo. Na ga wasu baƙaƙen tabo a hannunsa, aka ce wurin allura ne. Na ga jini a buroshinsa, ya ce dadashi ne. Wata safiya muna hira, maganar tankin ruwan gidanmu da yake yoyo muke yi, yana gaya mini wanda zan kira ya gyara, sai ya dafe kai ya ce, “Kaina.” Ya ci gaba da magana, amma kalmomin suka harɗe, ban gane ko ɗaya ba. Kafin rana ta karkata, ya tafi. Aka ce jini ne ya zuba a ƙwaƙwalwarsa, ga shekaru, ga ciwon da ya yi. Na ce Allah Ya bayar, Allah Ya karɓa. Na koma gida da jakata.

Abu na uku shi ne wanda har yanzu idan na tuna sai in ji ƙasa tana motsi a ƙarƙashina. Bayan makonni, baƙi sun ɗauke ƙafa, ina shara a tsakar gida da hantsi, sai na ji sallama. 'Yar Baba ce. Ta rame har sai da na sake dubawa. Na nuna mata kujera, ta ƙi, ta zauna a ƙasa. Ta ce, “Mama, gwajin jininsa na ƙarshe ya hana ni sukuni. Jinin ya tsinke fiye da yadda ciwonsa zai iya sawa. Tambaya ɗaya na zo yi, wadda ya kamata in yi tun ranar farko. Me Baba yake sha a gida?”

Na ce, “'Yar ƙwayarsa ce kawai ta yamma. Ai kun sani.”

Ta ce, “Wace ƙwaya?”

Jama'a, a lokacin ne na gane ba su sani ba. Na shiga ɗaki na buɗe aljihun teburinsa na ɗauko kwalin da yake ɓarowa daga ciki, na miƙa mata. Ta karanta sunan. Ta yi wani sauti da ban taɓa jin ɗan Adam ya yi ba, ba kuka ba, ba ihu ba. Da ta sami numfashi ta yi mini bayani a hankali, yadda zan gane. Ta ce ƙwayar nan aikinta hana jini daskarewa, kuma magungunan biyu da ta kawo masa suna ƙara mata ƙarfi har jini ya koma kamar ruwa. Ta ce, “Mama, akwai wasu da suke shiri da ita. Suna nan a kanta ɗaya da waɗanda na ɗauko. Hannu kawai zan miƙa gefe.”

Hannu kawai. Tsintsiya tana hannuna, ban ajiye ta ba, ban kuma iya zama ba. Na tsaya ina kallon wannan yarinya, ina jin dariyar ɗakin nan a kunnena kamar yanzu ake yin ta. Ba wanda ya yi sakaci don ƙiyayya, ba wanda ya yi barci a bakin aiki, ba maganin jabu, ba rashin kayan aiki. Da rana tsaka aka yi, ido na ganin ido, kowa yana murmushi, kowa yana sonsa.

Tausayinta ya kama ni, na ce, “'Yata, ki haɗiye maganar nan. Daga ni sai ke. An riga an binne shi.” Ta goge fuska ta ce, “Mama, shi ne ya hana mu ɓoyewa.” Daga gidana ba ta zarce ko'ina ba sai ofishin shugaban asibiti. Ku sani, ba bincike ne ya kamo ta ba. Da ta yi shiru, da yau ana nan ana cewa shekaru ne, ni ma da haka zan mutu ina cewa.

Bayan ta tafi na shiga ɗakinsa, na tarar da hularsa a rataye, na yi mata faɗan da ban taɓa yi masa ba yana raye. Na ce, “Kai da ka zubar wa uwata da magani don babu suna a jiki! Kai da ka sa manya suka juye aljihu!” Na yi faɗa har na gaji, sannan na ɗauki hular na rungume. Ina sonsa, kuma ya yi kuskure, dukansu gaskiya ne. Ya koya muku ku tambayi kowa, bai koya muku ku tambaye shi ba. Ya gina ƙofa mai tsauri ga duk duniya, ya bar ƙaramar ƙofa a baya don kansa.

Wannan ya kawo ni ga abu na huɗu, kuma a nan da ku nake, ma'aikata. Ba zan ce kowa ya ɗaga hannu ba. Amma ku taɓa aljihunku a hankali, ku taɓa jakunkunanku. Nawa ne a cikinku suke shan abin da aboki ya faɗa musu a baranda, babu kati, babu rubutu? Nawa ne a cikinku idan suka faɗi yau, abokan aikinsu za su ruga da su ta bayan layi, su ba su magani cikin ƙauna ba tare da sun san abin da ke cikinsu ba? Na ga wasu sun sunkuyar da kai. Ba kunya na zo ba ku ba, tsoro nake ji muku, domin kowannenku yana da mai jiransa a gida.

Don haka ina roƙo, ranka ya daɗe shugaban asibiti. A rufe ƙofar baya. Ma'aikaci ya buɗe kati kamar kowa, babba ya amsa tambaya kamar ƙarami, kuma gwargwadon girman mutum, gwargwadon yawan tambayar da za a yi masa. Idan mara lafiya ba ya iya magana, a juya a tambayi wadda ke zaune a gefen gado, ko ba ta iya karatu ba, domin ita ke riƙe da jaka. Idan kuma ƙaramin ma'aikaci ya buɗe baki zai yi tambaya, don Allah a bar shi ya kai ƙarshen maganarsa, a yi wasan daga baya. Matashin likitan nan da ya yi barkwanci, kada ku waiga kuna nemansa. Ya zo gidana, ya durƙusa, ya yi kukan da ya ishe shi. Ɗan wasu ne shi ma, kuma abin da ya faɗa, kowa a ɗakin zai iya faɗa.

Baffan yara, na san ranka ya ɓaci, ɗan uwanka ne ciki ɗaya. Ka ce mini a kai ƙara. Na kwana ina juya maganarka, na rasa wanda zan kai. Likitan da ya yi wasa? Nas ɗin da ta yi murmushi? Abokin da bai rubuta ba? Ko yayanka da ya ɓare sunan daga jikin maganinsa? Idan muka ɗauki mutum ɗaya muka jefar, sauranmu za mu ji sauƙi, mu ce an yi maganin abin, ƙofar bayan kuwa tana nan a buɗe tana jiran na gaba.

Za a iya kawo wani daga waje mai takardu fiye da na 'Yar Baba. Zai tarar da dokoki a manne a bango, zai bi su, har ranar da wani babba zai kwanta a gado, ɗaki ya cika da masoya, a yi dariya, shi ma ya ji kunya. Ita kuwa wannan kunyar ta ƙone a jikinta, ba sauran da ya rage. Ko duniya ce ta taru tana dariya, za ta ƙarasa tambayarta. Ni idan jikata ce a kan gado, ita nake so ta kawo maganin.

An gaya mini idan na gama magana in ja zaren nan da ke gefena, ƙyalle ya faɗi, a ga sunan maigidana a allon da za a kafa a ƙofar ɗakin magani. Ku gafarce ni, ba zan ja ba. Ba zan sa sunansa a ƙofar ɗakin da gaskiya ta kori mai faɗinta ba. 'Yata, da ke nake. Ɗago kanki ki dube ni. Na rasa miji, kada ki sa in rasa 'ya a kan abu ɗaya. Ƙofa tana kusa da ke, ba wanda zai riƙe ki idan kika fita. Ni ma zan sauka in koma gida, ƙyallen ya zauna yadda yake. Idan kuwa za ki zauna a aikin, ki taso ki ja zaren nan da hannun da kike tsoro.

Zan jira. Na saba da jira.

Ga ta nan, ta tashi.

Ku matsa mata, don Allah, ku janye ƙafafunku. Kada ku tafa, ku bar ta ta iso tukuna. A hankali, 'yata, ba sauri muke ba. Baffan yara, kai ne a bakin hanya, miƙa mata hannu ta hau matakalar nan. Madalla. Allah Ya yi maka albarka.

Allah Ya jiƙan maigidana, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sa hidimar da ya yi wa marasa lafiya ta zame masa haske. Allah Ya ƙarfafa wannan baiwar Allah a kan nauyin da za ta ɗauka, Ya ba ta mataimakan da ba sa jin nauyin tambayarta. Allah Ya kare hannuwanku daga kuskure, Ya ba ku bakin faɗa idan kun yi. Marasa lafiyar da ke kwance a ɗakunan nan yanzu, Allah Ya tashi kafaɗunsu, Ya mayar da su ga iyalansu. Allah Ya kai kowa gidansa lafiya.

Riƙe nan, 'yata. Ni na gama. Na gode.